Tarihin akwatin lasifika huɗu da yadda amfilifaya biyu suka raba shi

Akwatin da makaɗan jitar lantarki ke kira 4x12 rufaffen katako ne mai ɗauke da lasifika huɗu, kowace mai faɗin inci 12. Da yawa daga cikin na zamani suna da soket biyu a baya, da wani ɗan makunni da ke raba lasifikokin gida biyu, ta yadda amfilifaya biyu za su yi aiki da akwati ɗaya, kowace da nata ɓangaren. An sha ba da labarin akwatin kansa, amma makunnin nan ba mai waiwayarsa, har wasu suka ɗauka tare aka haife su. Tsakaninsu kuwa akwai shekara kusan 30.

Asalin lasifika sananne ne. Peter Jensen da Edwin Pridham sun haɗa irin mai koyil a Napa ta jihar Kalifoniya a 1915, Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka fito da mai takarda a 1925, wadda har yau a kanta ake. A Ingila an kafa Celestion a 1924, ya haɗe da British Rola a 1947. Duk don rediyo da makamantanta ake ƙera su, babu wanda ya yi tunanin jita. Leo Fender ma na Jensen ya riƙa saye, kuma tun tsakiyar shekarun 1950 ya jera guda huɗu masu inci 10 a cikin amfilifayarsa Bassman, domin ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin.

Wannan rauni na lasifika shi ne ya haifi 4x12. Jim Marshall makaɗin ganga ne kuma malamin ganga, yana da shago a Hanwell da ke yammacin Landan. Samarin da ke zuwa shagon suna kukan kayan Fender sun yi tsada, sai a 1962 shi da Ken Bran da Dudley Craven suka kwaikwayi tsarin Bassman da kayan da suke iya samu a Ingila, suka sa masa suna JTM45. Lasifikar da ke hannunsu ita ce G12 ta Celestion, 'yar gidan shuɗiyar nan da kamfanin Vox ke sawa a amfilifayarsa AC30, kuma ƙarfinta wat 15 ne kacal. Guda biyu sun ba da wat 30, ita kuwa amfilifayar in an murɗa ta ƙarshe tana wuce haka, sai koyil ya yi ta ƙonewa. Maganin da suka samo mai sauƙi ne: a sa huɗu, a rufe bayan akwatin. Ba don neman wani sauti na musamman aka yi hakan ba, don kada kaya su lalace ne, sautin ya biyo baya.

Shi kansa karkataccen saman akwatin, Marshall ya sha faɗa cewa don kyan gani ya yi shi, saboda ƙaramin kan amfilifaya bai dace da ƙaton akwati mai kusurwa huɗu ba. Daga baya aka lura cewa lasifikokin sama biyu suna jefa sauti zuwa kunnen makaɗi da bayan zaure.

Akwai kuskure guda da ya yaɗu. Sunan akwatin 1960A, mai miƙaƙƙiyar fuska kuma 1960B, don haka wasu ke rubuta cewa a shekarar 1960 aka ƙera shi. Lambar samfuri ce kawai. A 1960 ganguna Marshall ke sayarwa, bai haɗa amfilifaya ko ɗaya ba.

Sai batun 1965, inda riwayoyi suka rabu. Wadda ta fi yawo ta ce Pete Townshend na ƙungiyar The Who ya nemi amfilifaya mai wat 100 da akwati mai lasifika takwas, aka yi masa, masu ɗaukar kayansa suka yi bore saboda nauyi, sai aka raba akwatin biyu aka ɗora ɗaya kan ɗaya. Wasu marubutan suna ba John Entwistle, mai kaɗa jitar bes a ƙungiyar, lambar fara amfani da 4x12 na Marshall, suna cewa Townshend bin sahu ya yi don kada a danne masa sauti. Riwayoyin biyu ba su ƙaryata juna ba. Abin da ya kamata a karɓa da taka-tsantsan shi ne hoton wani da zarto yana tsaga katako. Abin da ya fi kama hankali shi ne an daina ƙera mai takwas, an koma mai huɗu-huɗu. Boren kuwa ba abin mamaki ba ne, tunda 4x12 ɗaya na zamani ya haura kilo 36.

A daidai wannan lokaci maganaɗisun lasifika ya sauya. Na farko ana haɗa shi da alminiyam da nikel da kobalt, kuma kobalt na da tsada, sai Celestion ya koma na yumɓu mai arha. Nan aka samu G12M mai koren murfi, wadda ake kira Greenback, mai wat 20 da farko sannan 25, da G12H mai wat 30. Kamfanonin da suka daɗe a kan tsohon maganaɗisu, irin su JBL na Amurka, sun saki bayan yaƙin Kolwezi na 1978 a lardin Shaba na ƙasar Zayar, wanda ya tashi farashin kobalt a duniya.

Tunanin raba sauti biyu ta wata hanya dabam ya biyo. Magnatone ya fitar da amfilifaya mai siteriyo a 1957, Gretsch ya yi jitar siteriyo a 1958, Gibson ya kawo ES-345 a 1959, Rickenbacker ya biyo da Rick-O-Sound a 1960. Kasuwa ba ta karɓe su sosai ba. Wanda ya zauna da gindinsa shi ne JC-120 na kamfanin Roland na Japan a 1975: amfilifaya biyu masu wat 60 kowace, lasifika biyu, akwati ɗaya. Amma tagwaye ne da kamfani ya haɗa da kansa, mai saye ba shi da zaɓi.

Hanyoyin biyu sun haɗu ne a shekarun 1980, lokacin da makaɗan ɗakunan ɗaukar waƙa na Los Anjelis suka koma jera na'urori a cikin dogayen akwatuna, da Bob Bradshaw a matsayin mashahurin mai haɗa musu wayoyi. Na'urorin amsa-kuwwa da jinkirta sauti suna fitar da hagu da dama, amfilifayoyin ƙarfi ma aka riƙa yin su da hanya biyu. Mai ƙaramin hali ba zai sayi akwati biyu ba. A nan kuma lasifika ta yi ƙwari: G12T-75 tana ɗaukar wat 75, Vintage 30 da ta fito a 1986 tana ɗaukar 60, duk da lambar da ke sunanta. Da lasifika irin waɗannan, biyu sun isa su riƙe amfilifaya guda. Makunnin raba akwati ya zama ruwan dare a kayan Marshall a zamanin amfilifayar JCM900, wadda ta shigo kasuwa a 1990. Wato don rabi biyu na na'ura ɗaya aka yi shi. Masu haɗa amfilifaya biyu mabambanta daga baya suka ara.

Aron nan ne ya dawo da matsalar 1962. Akwatin 1960A na yau wat 300 ne, yana ba da om 16 ko 4 in ɗungurungum ne, in an raba shi kuma om 8 da wat 150 a kowane gefe, domin lasifika biyu masu om 16 da aka haɗa kafaɗa da kafaɗa suna ba da 8. Na kamfanin Mesa/Boogie mai suna Rectifier da lasifikoki masu om 8 ake cika shi, don haka gefensa om 4 ne. Wanda ya cika akwatinsa da Greenback huɗu yana da wat 100, amma da ya taɓa makunnin ya koma 50 a kowane gefe, kuma amfilifaya mai bawul da aka rubuta wa wat 100 tana fitar da fiye da haka in an matsa mata. In an haɗa mai wat 25 da mai wat 60 a gefe ɗaya, wuta daidai take rabuwa tsakaninsu, lissafin ya zama 50, ba 85 ba.

Dokoki biyu ne masu gyara ba sa wasa da su. Ba a haɗa bakin amfilifaya biyu a kan lasifika ɗaya, domin kowace za ta tura wa 'yar'uwarta wuta. Kuma ba a kunna mai bawul a kaɗa ta babu lasifika a jikinta, domin taransifomar fitar da sauti ce za ta tafi, tana kuwa cikin kayan da suka fi tsada a ciki. Shi ya sa makunnin da aka bari a wurin da bai dace ba ya fi komai haɗari a bayan akwatin. Soket ɗin ma an fi son na roba, don farantin ƙarfe kada ya haɗa wayoyin gefen biyu.

Bayan lissafi sai kunne. Vintage 30 tana ba da desibel 100 a wat ɗaya, G12T-75 tana ba da 97, kuma tazarar desibel 3 daidai take da ninka wat sau biyu. Saboda haka mai amfilifayar wat 50 da ta wat 100 kan ba ƙaramar lasifikokin da suka fi kaifi, sai su zo kusan kunnen doki. Akwai kuma iskar cikin akwatin, wadda duka huɗun ke rabawa. In amfilifaya ɗaya tana tura takarda waje a lokacin da ɗayar ke janye tata ciki, kaurin sauti sai ya zube, a ji jitar ta rame. Masu gyara na gwada wayoyin da batir mai bolt 9: a taɓa shi a bakin filogi na ɗan lokaci, a sa ido a kan takardun, a tabbatar duk waje suka yi tsalle tare. In akwatin daidai yake amma sautin bai cika ba, to ɗaya daga amfilifayoyin ce ke juya shi, sai a musanya wayoyin gefe guda.

Mesa/Boogie ya ɗauki batun iskar da muhimmanci ƙwarai. A shekarun 1980 ya yi akwati mai buɗaɗɗen sama da rufaffen ƙasa, Celestion a sama, EVM12L ta Electro-Voice a ƙasa. A akwatin Road King kuma ya sa katanga a tsakiya, Vintage 30 a rufaffen gefe, C90 a buɗaɗɗe. Shahararren tsarin gicciye na akwatin Uberkab na kamfanin Bogner, mai Vintage 30 biyu da G12T-75 biyu, ana yawan kawo shi a wannan zance, alhali don gauraya sautin amfilifaya ɗaya aka tsara shi.

Bayan 2000 sauye-sauyen kaɗan ne. Makaɗin jita Joe Bonamassa ya taɓa hawa dandamali da amfilifaya huɗu a kan rabaɓɓun akwati biyu cike da lasifikokin Electro-Voice, waɗanda kowace ke ɗaukar wat 200. Ga wanda ke son duka huɗun su yi wa kowace amfilifaya aiki bi da bi, kamfanin Radial na Kanada ya fitar da Headbone, na'urar da ke miƙa akwatin ga ɗaya, ta ɗora ɗayar a kan wani nauyin wucin gadi har a sake taka makunni.