Ƙaya a Fili, Wuta a Ɓoye: Tarihin Kaktus da Ciyawar Ado

In aka ajiye wa mai lambu tukwane biyu, ɗaya da kaktus mai ƙaya da fure rawaya, ɗaya da ciyawar ado mai laushin buntu da iska ke kaɗawa, aka ce ya nuna wanda zai zame wa ƙasa masifa, ba zai yi wata-wata ba zai nuna mai ƙayar. Tarihin ƙarni biyu na al'adar ɗauko tsirrai daga wata nahiya don ƙawata gida bai goyi bayan wannan hukunci ba. Dukansu sun tsallake shingen lambu sun yi ɓarna. Amma ɓarnar kaktus, duk da girmanta, an samo mata magani mai araha a wurare da dama, ita kuwa ciyawar har yau da hannu da guba ake fama da ita. Dalilin yana cikin dangantaka: su wane ne 'yan uwan kowane tsiro, kuma da me yake haɗa kai idan ya fita daga tukunya.

Kaktus ɗan nahiyar Amurka ne gaba da baya. In ban da jinsi ɗaya mai rataye a jikin bishiyoyi, babu kaktus na asali a Afirka ko Asiya. Ƙerana da tinya da ake gani a ƙasar Hausa kama ce kawai ta ido, danginsu daban. Ostareliya kuwa ba ta da ko ɗaya sai da Turawa suka kai. Jiragen ruwan farko na Ingila da suka sauka can a 1788 sun biya ta Burazil sun ɗauko kaktus mai faffaɗan reshe tare da ɗan ƙwaron koshinil da ke rayuwa a jikinsa, wanda daga shi ake samun jan rinin da ake rina kayan sojan Ingila da shi. Sana'ar rinin ba ta kafu ba. Wanda ya zama annoba wani jinsi ne, Opuntia stricta, da ake danganta farkon yaɗuwarsa da garin Scone a New South Wales a 1839, inda aka dasa shi a lambu. Maƙwabci ya roƙi reshe, makiyayi ya ga yana hana shanu ƙetarawa ya yi shinge da shi, wani ya ajiye shi don ciyar da dabbobi a shekarar fari. Tsuntsaye suka ci 'ya'yan suka watsa irin, ambaliya ta kwashi rassan, kuma duk reshen da ya taɓa ƙasa sai ya yi saiwa.

Zuwa 1925 ya rufe kimanin hekta miliyan 24 a Queensland da New South Wales. A rabin wannan fili ya yi kaurin da doki ba ya iya ratsawa, iyalai suka bar gonakinsu suka yi gaba. An sare, an ƙona, an fesa gubar asanik, amma kuɗin share hekta ɗaya ya fi kuɗin hektar kanta. Gwamnatin Queensland ta sa ladan fam 5,000 ga wanda ya samo magani, ta ninka shi daga baya, babu wanda ya ci. Har lada aka riƙa biya kan kashe tsuntsayen da ke watsa irin, abin da ya nuna yadda dabara ta ƙare. A 1920 aka kafa hukumar tarayya ta yaƙi da kaktus ɗin, ta tura masana ƙwari nahiyar Amurka su nemo abin da ke cin kaktus a gidansu. A 1925 aka shigo da ƙwai kusan 3,000 na wani ɗan faɗa-wuta daga Ajantina mai suna Cactoblastis cactorum, wanda tsutsarsa ke huda reshe ta cinye shi daga ciki har ya ruɓe. Aka hayayyafa su, aka fara saki a 1926, aka raba wa manoma ƙwai sama da biliyan biyu. Kafin tsakiyar shekarun 1930 mafi yawan dajin kaktus ɗin ya zube. Mutanen Boonarga kusa da Chinchilla sun gina zauren taro a 1936 suka sa masa sunan ƙwaron, yana nan har yau.

Abin lura shi ne abin da ya ba wa masanan ƙarfin zuciyar sakin baƙon ƙwaro a ƙasa guda. Kafin a sake shi an gwada shi da amfanin gona iri-iri ya ƙi rayuwa a kansu. Kaktus baƙo ne marar dangi a Ostareliya, don haka abin da ba ya cin komai sai kaktus ba shi da wurin sauka idan abincinsa ya ƙare. Afirka ta Kudu ta bi wannan hanya a shekarun 1930 da wannan ƙwaro da kuma wani nau'in koshinil, ta rage kaktus ɗin da ya mamaye Gabashin Kef.

Ciyawar ado ta bi ta wata ƙofa. Pennisetum setaceum 'yar arewaci da gabashin Afirka ce da Gabas ta Tsakiya, 'yar uwar gero da kyasuwa ta kusa, mai dogon buntu ja-ja. Masu sayar da irin furanni suka so ta saboda ba ta buƙatar ban ruwa. Ta isa Hawayi a farkon ƙarni na 20, ta isa tsibiran Kanari wajen shekarun 1940, inda ake kiranta wutsiyar kyanwa, aka kuma jera ta a bakin tituna a Arizona da Kaliforniya. Duk halin da ya sa mai lambu ya yaba mata shi ne makaminta a daji. Tana yin iri ba tare da jiran barbara ba, irin yana tashi da iska ko ya maƙale a tayar mota, yana kuma kwana shekaru a ƙasa da ransa. Tana tsirowa a kan busasshen dutsen aman wuta inda kusan babu abin da ke iya tsayawa. Shanu ba sa sonta sai dole. Mafi muni, idan ta bushe ta zama makamashi. Gobara ta tashi ta kashe bishiyoyin da ba su saba da wuta ba, ita kuma ta toho daga gindi kafin kowa, ta ƙara fili, gobara ta gaba ta fi ta baya. Haka take cin busassun dazukan tsibirin Hawayi. A hamadar Sonora ita da wata ciyawar kiwo 'yar gidan ƙarangiya suna cike tazarar da ke tsakanin tsirrai, suna kai wuta gindin saguwaro, dogon kaktus ɗin da ke ɗaukar shekaru gommai kafin ya yi furen farko.

A nan ne dangantaka ta zama matsala. Gero, dawa, masara, shinkafa, alkama da rake duk ciyawa ne. Jami'in da zai sa hannu a saki ƙwaron da ke cin 'yar uwar gero dole ya tabbata ba zai waiwayi gona ba, shi ya sa kusan duk ƙarni na 20 masana suka kauce wa ciyayi. Gaskiya ne an fara taɓawa a wannan ƙarni, kamar ɗan zanzaron da aka saki a Texas a 2009 kan wata doguwar gora ta bakin kogi, kuma wasu masana na cewa tsoron ya wuce kima. Amma babu ciyawar da aka taɓa karyawa irin karyawar da aka yi wa kaktus a Queensland. Abin da ya rage shi ne tumɓukewa, feshi da doka, dokar ma a makare: Tarayyar Turai ta haramta cinikin wannan ciyawa a 2017. Ciyawar famfas ta Kudancin Amurka, wadda aka riƙa nomawa a Goleta ta Kaliforniya tun shekarun 1870 don sayar da fararen buntunta ga masu ado a Turai, ta cika gaɓar arewacin Sifaniya kafin ƙasar ta sa ta cikin jerin haramtattu a 2013.

Mai jayayya zai ce kaktus bai tuba ba, kuma yana da hujja. A Laikipia ta Kenya wannan Opuntia stricta ɗin yana cin makiyaya, ƙananan ƙayoyin 'ya'yansa suna raunata baki da idanun awaki da tumaki. Sai dai ko a can makamin da aka ɗauko ƙwaron koshinil ne, wato ƙofar maganin a buɗe take. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta Cactoblastis kansa. An kai shi tsibirin Nevis a 1957, ya bi tsibiran Karibiyan har aka gan shi a Florida a 1989, yanzu barazana ce ga kaktus na asali a Amurka da Meziko, inda ake cin reshensa a matsayin kayan miya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Amma wannan ma ƙarfafa batun ya yi: ƙwaron ya yi amfani inda kaktus ba shi da dangi, ya yi ɓarna da aka matso da shi garinsu. Ciyawa kuwa ko'ina garinta ne.

Saura hujjar masu sayar da tsirrai, cewa an fitar da nau'o'in ciyawar ado da ba sa yin iri, kamar mai jan ganyen nan da ta cika kasuwa. Wannan gyara ne na gaske, kuma wanda ya dage sai ya dasa ciyawa, ita ya kamata ya nema. Rauninsa shi ne mai saye ba ya iya bambance su a tukunya, yana dogara ne da takardar da aka liƙa. An daɗe ana ɗaukar famfas a matsayin wadda ba ta yaɗuwa, don mata zalla ake dasawa ta hanyar raba gindi saboda buntunsu ya fi kyau. Da masu gandun tsirrai suka koma shuka ta daga iri don ya fi araha, masu ɗauke da garin barbara suka shiga kasuwa tare da matan, kuma daga nan ta fara fita daga lambuna a Kaliforniya.