Masauki kafin zuwan otal

Tun kafin a buɗe wurin wasa na Disneyland a Amurka a 1955, mutanen Ƙonni da Illela sun san tafiyar kallo da iyali, kuma abin da suka fi kula da shi wajen zaɓen masauki shi ne mai gidan da zai karɓe su. A da, fatake masu ratsa Birnin Ƙonni zuwa Sakkwato kan sauka a zango ko gidan fatoma, mai ba da ɗaki, ya adana kaya, ya tsaya wa baƙonsa in rigima ta taso. Wannan ɗabi'a ce ta bi 'yan kallo lokacin da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, kuma ita ke sa magidanci daga Malbaza da ya kai yara gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, mai zakuna da dorina, ya wuce otal ya nufi gidan ɗan'uwa, ko da a bayan gari yake.

Wani zai ce talauci ne kawai, kuma otal ya fi sirri da kusanci da wurin wasa. Kuɗi na da tasiri, babu shakka. Sai dai attajirai ma kan sauka wurin dangi, don ana ɗaukar kwana a otal a garin da kake da 'yan'uwa tamkar yanke zumunci, kuma uwargida ta fi sakewa a cikin gida, inda akwai murhu da masu riƙe mata yara.