Fim ɗin Silima a Kyamarar Hoto: Nazari kan Wankinsa a Gida

Tun asali, hoton kyamarar milimita 35 ɗan silima ne. Lokacin da Oskar Barnack ya ƙera kyamarar da ta fito kasuwa da sunan Leica a 1925, fim ɗin silima mai faɗin milimita 35 ya ɗauka, ya ninka girman hoton zuwa milimita 24 da 36. Saboda haka masu sayen fim ɗin silima na Kodak Vision3 yau su yanyanka shi su ɗura a kyamara ba sabon abu suka ƙirƙiro ba. Araha ce ke jan su: ƙafa 100 na fim kan ba da naɗi kusan 18 masu hoto 36, kamfanin kuwa yana sayar da shi a naɗin ƙafa 400 ko 1,000.

Abin da ke fara tsorata mutum shi ne baƙin shafin da Kodak ya riƙa sa wa bayan fim ɗin, wanda ake kira remjet. Ƙurar gawayi ce da aka manna don ta shanye hasken da ya ratsa fim kada ya dawo ya ɓata hoton, ta kuma kare shi daga karce da tartsatsin lantarki sa'ad da yake gudu cikin kyamarar silima, hoto 24 a daƙiƙa. Shagon wankin hoto ba ya karɓarsa, domin baƙin zai narke ya gurɓata sinadaran injin da fina-finan jama'a. A gida kuwa aikin bai taka kara ya karya ba. Ana jiƙa fim da ruwan ɗumi da aka narka soda a ciki, a girgiza har ruwan ya daina fitowa baƙi, sauran kuma a goge shi da tsumma mai laushi bayan an gama wanki.

A ganina, wannan baƙin shafi ya ɗauke hankalin mutane daga inda gizo ke saƙa. An tsara fim ɗin ne don wankin ECN-2, wanda Kodak ya fito da shi a 1974: sinadarin CD-3, zafi digiri 41.1, minti 3. Wankin hoton da aka saba, C-41, yana amfani da CD-4 a digiri 37.8. Fim mai launi hawa uku ne, kowane hawa da launin da yake kamawa, kuma sinadari ba ya isa gare su lokaci guda. Da zarar zafi ya sauka ko an musanya sinadari, wani hawan zai riga wani nuna, sai inuwa ta karkata ga wani launi, wurin haske ya karkata ga kishiyarsa. Irin wannan ɓaci yana da wuyar gyara ko a kwamfuta, don gyaran gefe guda ɓata ɗayan yake yi.

Ko an yi komai daidai, nagetif ɗin zai fito kamar a koɗe. Da gangan ne. An yi shi don a buga a kan wani fim ɗin ko a tace launinsa daga baya, shi ya sa yake riƙe bayanai masu yawa a duhu da haske. Nau'in 500T ma don hasken ƙwan lantarki aka daidaita shi. In an ɗauka da rana ba tare da matacin haske mai lamba 85 ba, komai sai ya yi shuɗi.

Kamfanin CineStill na Amurka ya bi gajeriyar hanya tun 2012: yana sayar da fim ɗin ba baƙin shafi, don a wanke shi da C-41. Sakamakon shi ne jan kewaye a gefen kowace fitila, wato aibin da Kodak ya yi shafin don ya hana. Masu hoton dare yanzu jan nan suke biyan kuɗi su saya.