Mahaɗar kwamfuta: abin da ya kamata a sani kafin a saye ta a ɗora bisa tebur

Mahaɗar kwamfuta ƙaramar na'ura ce da ake ajiyewa bisa teburin aiki, a jona mata babban allo, da kilabiye, da linzami, da firinta, da wayar intanet, da caja, su zauna nan dindindin. Mai kwamfuta tafi-da-gidanka in ya iso buro sai ya ɗora ta bisa mahaɗar, ko ya soka waya guda ɗaya, duk kayan su kama aiki tare. In ya tashi ya zare, ya sa kwamfutarsa cikin jaka. Da Faransanci ana ce mata station d'accueil, kuma da wannan sunan za a neme ta a shagunan Damagaram da Yamai. A kasuwannin Najeriya sunan Ingilishi ake kira, dokin siteshan, ko da yake ba abin da ya haɗa ta da doki.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1992 kamfanin Apple ya fitar da PowerBook Duo, wadda ake zura ta cikin wani akwati kamar yadda ake zura kaset a bidiyo, ta koma kwamfutar tebur. An yi ta ne don ma'aikatan manyan kamfanonin Turai da Amurka masu yawan tafiya. A garuruwa irin su Tsauni, da Matamai, da Kance, dalilin ya sha bamban, kuma dalilin shi ne kuran.

Yankin Damagaram da Maraɗi ya daɗe yana shan wutar da ke zuwa daga Katsina ta layin Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Najeriya ta katse wutar a watan Agusta, ba a maido ta ba sai a Maris 2024. Ko a lokacin da komai ke tafiya daidai, ɗaukewar wuta a watannin zafi ba baƙon abu ba ne, ƙauyuka da yawa kuma layin NIGELEC bai kai musu ba, da faifan sola suke aiki. Babbar kwamfutar tebur da zarar wuta ta gifta sai ta mutu da aikin da ke cikinta. Tafi-da-gidanka na da batirinta. Shi ya sa sakataren ma'aikatar magajin gari, da mai shigar da alƙaluman asibitin karkara cikin manhajar DHIS2, da mai shagon buga takardu, kusan duk ita suke riƙewa. Sai dai allonta inci 14 ne ko 15, ramukanta ba su da yawa, kuma mutumin da ke soka wayoyi biyar kowace safiya ya zare su kowace yamma, wata rana ramin zai saki. Gyaran ramin da ke manne da uwar allon kwamfuta ba ƙaramin aiki ba ne, sau da yawa sai an kai ta birni.

Akwai wata fa'ida da ta shafi Nijar musamman. Kwamfutocin hannu-na-biyu da ke shigowa daga Kano ta hanyar Daura, Kwangwalam da Ɗan Barto, mafi yawansu madannansu na tsarin Ingilishi ne, QWERTY. Aikin gwamnati kuwa an daɗe ana yinsa da Faransanci, kuma wanda hannunsa ya saba da AZERTY yakan sha wahalar neman é da è da ç. Kilabiye na dabam mai tsarin AZERTY da ke jone da mahaɗa yana raba wannan gardama ba tare da an taɓa kwamfutar ba. Haruffan Hausa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, su ba ruwansu da mahaɗa, daga cikin manhaja ake saita su.

Iri uku ne

Iri na farko shi ne na da, wanda kowane kamfani ya ƙera wa kwamfutocinsa kaɗai. Dell na da E-Port, wadda ake ɗora Latitude irin su E6420, E6430 da E7440 bisa kanta, ta kama wani dogon rami da ke ƙarƙashin kwamfutar. Lenovo ma haka ya yi wa ThinkPad daga T440 zuwa T470. Ta HP, mai suna UltraSlim, daga gefe take shiga, kuma tana aiki da EliteBook 840 G1, G2, G3 da ƴan uwansu. Waɗannan kwamfutoci su ne suka cika kasuwar hannu-na-biyu, domin manyan kamfanoni ne suka yi amfani da su shekara uku ko huɗu suka zubar. Mahaɗarsu ba ta buƙatar a sa wata manhaja, kuma galibi tana da ramin VGA, wanda tsofaffin alluna da na'urorin haska hoto a bango ke amfani da shi. Aibinta ɗaya: ta Dell ba ta shiga HP, ta HP ba ta shiga Lenovo, kuma ranar da aka canza kwamfuta zuwa sabon samfuri ta zama kayan ajiya. Mai saye ya kuma tuna cewa Microsoft ya tsaida 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen kulawarsa da Windows 10, kuma yawancin waɗannan samfura sun girme wa abin da Windows 11 ke karɓa a hukumance.

Iri na biyu shi ne na USB-C, ɗan ƙaramin ramin nan mai kama da na cajin wayoyin zamani, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a 2014. Waya guda ce ke ɗauke da hoto, da bayanai, da wutar caji. A cikin wannan iri akwai Thunderbolt 3 na kamfanin Intel, wanda ya fito a 2015, mai gudun gigabit 40 a daƙiƙa, da Thunderbolt 4 na 2020, wanda aka wajabta wa ɗaukar manyan alluna biyu.

Iri na uku shi ne mai amfani da fasahar DisplayLink. Wannan yana matse hoton ya tura shi ta ramin USB na yau da kullum, har da tsohon mai faɗi. Yana aiki da kusan kowace kwamfuta, amma sai an sauke manhajarsa daga intanet, kuma yana ɗora wa kwamfutar ƙarin nauyi. Don rubutu da lissafi ya wadatar. Mai haɗa bidiyon biki zai ga hoto na ɗan tsaitsayawa.

Ramin USB-C ba duka ne ɗaya ba

Nan ne kuɗin mutane suka fi salwanta. Siffar ramin ɗaya ce, amma abin da ke bayansa ya bambanta. Wani bayanai kaɗai yake wucewa da su. Wani yana karɓar caji amma ba ya fitar da hoto. Wani yana yin duka. EliteBook 840 G3 misali ce mai kyau: tana da ramin USB-C, amma ba ya fitar da hoto, don haka wanda ya saya mata mahaɗar USB-C zai ga linzami da kilabiye suna aiki, allon kuwa baƙi ƙirin. Ba mahaɗar ce ta lalace ba, kuma mai shago ba zai yarda ya karɓe ta ba. Ita wannan kwamfuta UltraSlim ce tata. Samfurin G5 da ya zo daga baya shi ne ke da Thunderbolt.

Alamar da ke gefen ramin tana taimakawa. Zanen walƙiya mai kan kibiya na nufin Thunderbolt. Harafin D, ko DP, na nufin ramin na fitar da hoto. In SS kaɗai aka rubuta, yawanci bayanai ne kawai. Wasu kamfanoni ba sa sa alamar komai, sai a juya kwamfutar a karanta cikakken sunan samfurin a bincika shi a shafin kamfanin da ya ƙera ta.

Ita kanta wayar ma haka take. Wayar USB-C da ta zo da cajar salula galibi ba ta ɗaukar hoto, kuma wayoyi na gama-gari iyakarsu wat 60. A yi amfani da wadda ta zo da mahaɗar, a kuma kiyaye ta, don samun madadinta ya fi samun mahaɗar wuya.

Masu Mac su lura da cewa MacBook Air mai M1, na 2020, allo ɗaya kawai yake ɗauka daga waje, ko da mahaɗar na da ramuka uku, sai fa in mai DisplayLink ce.

Haɗawa da saitawa

Ana fara jona mahaɗar da wuta, sannan allo da sauran kaya, kwamfutar ce ƙarshe. HDMI da DisplayPort sun fi VGA fitar da rubutu tar, kuma suna ɗaukar sauti. In allon VGA kaɗai yake da shi, mahaɗar kuma HDMI, sai an sa ɗan akwatin da ke juya siginar, waya zalla ba ta yi. Talabijin ɗin gida mai ramin HDMI ma yana zama allo.

A Windows, danna maɓallin tambarin Windows tare da harafin P yana fito da zaɓi huɗu. Dupliquer yana nuna abu ɗaya a alluna biyu, abin da malami ko mai gabatar da rahoto ke so. Étendre yana mai da su fili ɗaya mai faɗi, a buɗe hoton tsohon rajista a wannan gefe, ana shigar da sunaye a wancan. Wanda ya taɓa kwafar jerin sunaye ɗari biyu yana tsalle tsakanin tagogi biyu a ƙaramin allo ya san inda kuskuren shekarar haihuwa ke fitowa. Mai son rufe murfin kwamfutar ya ci gaba da aiki a babban allo sai ya shiga Options d'alimentation, wajen abin da zai faru in an rufe murfi, ya zaɓi Ne rien faire. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, gara a bar murfin a buɗe, don wasu kwamfutoci ta saman suke rage zafi.

Mahaɗa ba ta da batir

Wannan shi ne abin da takardar cikin kwali ba ta damu da faɗa ba, domin an rubuta ta ne don ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa. In kuran ya tafi, kwamfutar za ta ci gaba da batirinta, amma babban allo zai mutu, kuma mahaɗa mai cajarta ta kanta za ta iya mutuwa da duk abin da ke jone da ita. Tagogin aiki sukan dawo ƙaramin allo, wannan ba komai. Haɗarin yana ga kile USB ko faifan ajiya na waje: in wuta ta yanke ana cikin rubuta fayil, fayil ɗin na iya lalacewa, wani lokaci faifan gaba ɗaya ya ƙi buɗewa. Abin da ya fi shi ne a soka faifan ajiya a jikin kwamfutar kai tsaye, a bar wa mahaɗa kilabiye da linzami da allo. Ko kuwa a sa mahaɗar da allon bisa ondilar, akwatin batirin nan da ke riƙe wuta na ƴan mintoci. Firinta mai aiki da garin tawada kada a ɗora ta bisa ƙaramar ondilar, don lokacin da take ɗumama tana jan ɗaruruwan wat.

Ga masu sola lissafin ba shi da nauyi. Cajar kwamfuta wat 45 ce zuwa 65, allo mai inci 22 ko 24 yana cin kamar 20 zuwa 30. Mahaɗar kan zo da caja mafi girma, wat 90 ko 130, saboda tana ciyar da kwamfutar da sauran kaya, amma ba kullum take jan wannan adadi ba. A kasuwar hannu-na-biyu sau da yawa mahaɗar ce kaɗai ake sayarwa, babu cajar. Bakin cajar Dell da na HP mai zagaye sun yi kama sosai, har suna shiga ramin juna, amma Dell na tantance cajarta ta siririn tsinken da ke tsakiya. In ba ta gane ta ba sai ta ƙi cajin batir, ta kuma rage gudu.

Kayan da suka fito daga Najeriya sukan zo da filogi mai baki uku irin na Ingila, gidajen Nijar kuwa firiz mai rami biyu zagaye irin na Faransa ya fi yawa. Ƙarfin wutar kusan ɗaya ne, bolt 220 zuwa 230, siffar ce ta bambanta. Canza guntuwar wayar da ke tsakanin caja da bango ya fi dogara ga adafta mai lilo, wadda ke tartsatsi. Da damina, in hadari ya haɗo da tsawa, a zare wayar bango da ta intanet. Da hunturu kuwa a rufe mahaɗar da ƙyalle in an tashi, musamman irin ta da mai buɗaɗɗen baki a sama, don ƙura na shiga tsakanin tsinkayenta, allo ya riƙa ƙyaftawa a zaci kwamfutar ce.

Mai zuwa Kasuwar Dole a Damagaram, ko titin Beirut a Kano, neman mahaɗa, ya tafi da kwamfutarsa. A jona a gabansa da allo na gaske, ya ga hoto ya fito, ya ga alamar caji ta kama, ya gwada kowane ramin USB da kile ɗinsa, ya zare ya sake jonawa sau biyu ko uku. Daga Tsauni zuwa Kano da dawowa, kuɗin mota da na ƙetare iyaka na iya fin kuɗin mahaɗar hannu-na-biyu.