Amsoshin Wasiƙunku: Mene ne asalin kalmar diyya?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi a Pauwa ta ƙaramar hukumar Ƙanƙara, ya rubuto yana cewa: "Don Allah ku ba ni tarihin kalmar diyya. A makarantar allo mun ji ana cewa diyya kuɗin rai ce, amma ga shi yanzu ko gona gwamnati ta karɓa sai a ce za a biya diyya. Shin ita ce fansa? Kuma Turawa suna da irinta?"

AMSA: To Malam, mun gode da wasiƙarka. Diyya dai kalmar Larabci ce, kuma Larabawa sun san ta tun kafin zuwan Musulunci. In an kashe mutum, dangin wanda ya yi kisan sukan kora dabbobi su kai wa dangin mamacin don a kashe wutar gaba. Da Musulunci ya zo sai ya tabbatar da ita, ya kuma sa mata ƙa'ida. Hukuncin kisan kuskure yana cikin aya ta 92 ta Suratun Nisa'i.

A ƙasar Hausa, littafin da ya fi koya wa mutane ƙa'idar shi ne Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, wadda har gobe ake karantawa a zaurukan malamai. A cikinta diyyar rai raƙumi 100 ce ga masu raƙuma, ko dinari 1,000 ga masu zinariya, ko dirhami 12,000 ga masu azurfa. In aka bi awon da malaman yanzu ke bi, dinari 1,000 ya kai zinariya kilo 4 da kwata. Ido ɗaya rabin diyya ne, yatsa raƙumi 10, haƙori raƙumi 5. Ka lura da wani abu a nan: in kisan na kuskure ne, ba a ɗora wa mai laifin nauyin shi kaɗai. Danginsa na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ne ke haɗa kuɗin, a biya cikin shekara 3. Wato kowane gida yana da dalilin jan kunnen ɗansa, tun da in ya ɗebo ruwan dafa kansa, aljihun kowa zai ji a jika. In kuwa da gangan ne, magada ke da zaɓi, ko su nemi ƙisasi ko su yafe, ko da kuɗi ko ba kuɗi. Ko sun yafe ɗin ma, a mazhabar Malikiyya sai an yi wa mai laifin bulala 100 an tsare shi shekara guda.

Ka ga ke nan diyya dabam take da tara. Tara hukuma ke ci, diyya kuwa gidan da aka cuta take shiga. Cikin abubuwan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan zamaninsa da su a littafinsa Kitabul Farƙi, har da wannan ɗabi'a ta ƙwace dukiyar mai laifi a maimakon a zartar masa da hukuncin da ya cancanta.

Da Turawa suka shigo Katsina a 1903 ba su rushe kotunan alƙalai ba. Sun hana yanke hannu, sun kuma ce ba a zartar da hukuncin kisa sai Gwamna ya sa hannu, amma maganar magada da yafiya ta ci gaba. Babban canji ya zo ne ana dab da samun mulkin kai, lokacin da gwamnatin Sardauna ta kawo dokar finalkod, wadda ta fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960. Daga ranar, kisan kai ya zama shari'a tsakanin gwamnati da mai laifi. Dangin mamaci sai dai a tambaye su ra'ayinsu a rubuta. Sai a shekara ta 2000, da Zamfara da Katsina da wasu jihohi suka dawo da shari'ar Musulunci a kan manyan laifuka, diyya ta koma cikin kundin doka da sunanta.

To yaya aka yi ta shiga gona? A da, in shanu suka ci wa mutum dawa, ba a cewa diyya, biyan ɓarna ake cewa. Dagaci da ardo su je su ga gonar da idonsu, a ƙiyasta dami nawa aka ci, mai shanu ya biya. Ita ma Risala ta yi magana a kai, ta ɗora wa mai dabbobi ɓarnar dare. Amma da jaridu da gidajen rediyo suka buƙaci kalmar da za su kira kuɗin da hukuma ko kamfani ke biya in an jawo wa mutum hasara, sai suka ari diyya. A nan ne manomi ya kamata ya buɗe kunne, don sunan ya fi abin girma. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna. In aka karɓi gona don hanya ko makaranta, abin da dokar ta ce a biya shi ne abin da ka sa a kai: shuka, itatuwa, rijiya, gini. Ba ta sa wa ita kanta ƙasar kuɗi ba. Sai dai ta ce in ƙaramar hukuma ce ta karɓi gonar da ake nomawa, wajibi ne ta ba mai ita wata gonar. Mutane da yawa ba su san da wannan ba, shi ya sa ba su tambaya.

Turawa ma sun yi irin tasu. A ƙasar Sikotlan, da ke arewa da Ingila, tsohuwar dokarsu ta ƙayyade wa kowane rai shanu: sarki saniya 1,000, babban basarake 150, talaka 16. Bayan haka sai wata kalma, assythment, ta shahara, ma'anarta gamsar da wanda aka cuta. Ko sarki ya yi wa mai kisa afuwa, ba ta raba shi da biyan dangin mamacin, su kuma su rubuta takardar shaida cewa an biya su, sun sauke gaba. Da kotuna suka yi ƙarfi sai aka daina amfani da ita. A 1972 wata mata da ɗan'uwanta ya mutu a wurin aiki ta tono kalmar, ta kai ƙara har babbar kotun Landan, ba ta ci nasara ba, kuma a 1976 majalisa ta soke dokar gaba ɗaya.

Saura fansa. A Hausa tana da fuska biyu: a ɗauki fansa, wato ramuwar gayya, ko a fanshi mutum daga hannun wanda ya riƙe shi. A zamanin bauta bawa yakan yi murgu, ya riƙa aikin kansa yana biyan ubangijinsa, in ya tara abin da aka yanka masa ya fanshi kansa. Kuɗin fansar da mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suka sani a shekarun nan kuwa ba su haɗa hanya da diyya ba ko kaɗan. A diyya azzalumi ke biyan wanda ya zalunta. A nan wanda aka zalunta ne ke sayar da buhunan masararsa da shanun hurɗarsa ya kai wa azzalumi.

Haka nan sulhu. A Satumbar 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya shiga dazuzzukan Sabuwa da Faskari ya zauna da shugabannin 'yan bindiga, aka saki waɗanda ke tsare, su ma suka saki waɗanda suka kama. Sulhun bai ɗore ba. A Yunin 2020 aka yi kisan Kadisau a Faskari, ran 11 ga Disamba na shekarar kuma aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana 6. A 2025 ma an sake irin wannan zama a Faskari da wasu ƙananan hukumomi. Ba mu ga laifin wanda ya nemi hanyar zuwa gonarsa lafiya ba. Amma tun da kalma ka tambaya, Malam, sulhun da littattafanmu suka sani yana da mai haƙƙi a zaune a wurin. Risala ta ce ɗan fashin da ya zo da kansa ya tuba kafin a kama shi, an ɗauke masa haddin fashi, amma haƙƙin mutane na jini da na dukiya yana nan a wuyansa. Matar da aka kashe wa miji da marayunta, su ke da ikon su karɓa ko su yafe.