Bashin Da Ya Maƙale A Cikin Faifai

Mai karatu, bara ne muka taru a Jibiya rabon gadon kawuna, Allah ya jiƙansa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana ejan a bodar Magama, yana fitar wa 'yan kasuwa kaya daga hannun kwastan. Ana cikin lissafi sai ga wani dattijo daga Maraɗi, ya ce yana bin marigayin bashi tun 1998. Ka kuwa san ba a raba gado sai an biya bashi. Muka bincike ɗakinsa, ba mu samu littafin bashi ba, sai faya-fayan filofi a cikin kwali.

Kawu na cikin waɗanda suka fara ajiye lissafi a kwamfuta, da manhajar Lotus 1-2-3 wadda ta fito a 1983 tana aiki a kan DOS. Ba shi kaɗai ba ne, su ma hukumomi haka suke a zamanin. A 1981 ne ECOWAS ta nemi hukumar UNCTAD ta taimaka mata wajen tattara alƙaluman cinikin ƙasashenta, daga nan aka haifi manhajar ASYCUDA, wadda a Nijar ake kira SYDONIA. Samfurinta na ASYCUDA++ da kwastan ɗin Nijeriya suka koma kai a 2006, shi ma a kan DOS ma'aikata ke buɗe shi.

To, zamani riga ne. Kwamfutocin yau ba su da wurin sa filofi, kuma Windows 11 da ta fito a 2021 ba ta karɓar manhajojin DOS kai tsaye. Sai da na tafi Kano na samo na'urar karanta faifan, wani yaro ya ɗora mini DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa. Wasu faya-fayan zafi da ƙura sun riga sun cinye su, amma Allah da ikonsa wanda muke nema ya buɗe. Ga sunan dattijon nan ɓaro-ɓaro, ga buhunan wake, ga abin da ya rage ba a biya ba. Muka biya shi, ya yi addu'a, ya tafi.

Tun daga ranar nake tunani: takardun ajami na kakanninmu sun haura shekara ɗari ana karanta su, ga lissafin da bai kai shekara 30 ba ya kusa gagararmu. Duk mai tsohon faifai a gida, ya daure ya kwafe shi, ya kuma buga a takarda tun da wuri.