Babban gidan wasa na Ikko

Wanda ya taɓa zuwa Ikko ya ga wani ƙaton gini a unguwar Iganmu, mai kama da hular soja. Shi ne gidan wasa na ƙasar Nijeriya. An soma shi a 1973, zamanin Gowon, aka gama a 1976. Maginan mutanen Bulgariya ne, wani gini na ƙasarsu suka kwaikwaya. An yi babban zauren don mutum 5000.

A 1977 makaɗa da mawaƙa na ƙasashe fiye da 50 suka taru can, bikin FESTAC. Bayan biki fa? Aka bar gidan ba kulawa, rufi yana yoyo, zauren ya yi shekaru a kulle. Daga baya bankuna suka haɗa kuɗi suka gyara shi, aka sake buɗewa a 2025 da sunan marubuci Wole Soyinka.